Mu kula da iccen da ya ji rauni, kada mu bar shi ya mutu a tsaye

 

Kowace shekara, ran 3 ga watan Agusta, muna fita mu dasa itatuwa, a ɗauki hoto, kowa ya koma gida. Amma ku duba dogon yaro da maɗacin da ke bakin titunanmu a Maraɗi da Damagaram. Wani an kafa masa ƙusa don rataya allon talla, wani an ɗaure shi da waya har ta nutse cikin jikinsa, wani an ƙone shara a gindinsa, maɗaci kuma an saɓule ɓawonsa don magani. Iccen da ya shekara ashirin yana ba mu inuwa, dashen bana ba zai maye gurbinsa ba gobe.

Ku tuna Iccen Tenere. Shi kaɗai ne tsaye cikin hamada, babu wani kusa da shi. A 1973 mota ta buge shi. Yau gawarsa ce muke kallo a gidan tarihi na Yamai.

Me ya sa raunin ɓawo yake da hatsari? Ƙarƙashin ɓawo akwai wata ƴar fata mai laushi, ita ke kai abinci daga ganye zuwa saiwa. In aka yanke ta zagaye gaba ɗaya, saiwa za ta mutu da yunwa, ko da ganye na kore. In raunin bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu na zagayen jikin ba, galibi iccen zai tsira.

To, ga abin yi. In ɓawon yanzu ya ɓalle, a mai da shi wurinsa, a ɗaure da ƙyalle. In ya riga ya bushe, a sa wuƙa mai kaifi a cire abin da ke lilo kawai, kada a faɗaɗa ciwon. Don Allah a daina shafa baƙin mai ko kwalta, a daina cusa siminti cikin kogo. Suna riƙe danshi, ruɓa ta ƙaru. Icce da kansa yake rufe rauninsa, sabon nama yana tasowa daga gefe, sannu a hankali.

Namu shi ne mu kwance waya, mu zagaye shi da ƙaya saboda awaki, mu ba shi ruwa da bazara, mu sa ido kan gara. Masu magani, ku ɗebi ƴar siririya ta tsaye a gefe guda, ban da zagayewa. In kuwa icce ya yi kogo ya karkata kan gida, a kira ma'aikatan gandun daji kafin iskar farkon damina.

Kowa ya zaɓi icce ɗaya mai rauni a unguwarsu ya kula da shi daga wannan makon. Allah ya ba mu ikon yi.