Jawabin Uban Ƙungiya a Bikin Ƙaddamar da Zangon Mako Guda a Duwatsun Man

 

Mai girma Sarkin Hausawa, Allah ya ja zamaninka. Malamanmu limamai, Allah ya gafarta muku. Shugabannin 'yan kasuwar Ajame, 'yan uwanmu da suka ƙetaro gada daga Tireshbil, iyayenmu mata, da ku matasa masu wannan rana, barkanmu da haɗuwa.

Mun taru ne don mu sallami 'ya'yanmu na ƙungiyar masu hawan dutse, waɗanda za su yi zangon mako guda a Man, a yammacin Kodebuwa. Na san maganar da ake yi a rumfuna, don ta zo kunnena: hawan dutse sana'a ce? Wa zai tsare shago? Alhazai, tambayarku tana kan hanya, kuma ita zan amsa.

Yaran nan a Abijan aka haife su. Ku tambayi ɗayansu, zai lissafa muku duk layin motocin gbaka daga Ajame zuwa Abobo da Yofugon, ya faɗa muku inda ake sayar da abincin garba mai kyan kifi. Garin kakansa ma ya san shi, Maraɗi ko Ƙonni ko Kano, don ana kai shi biki ko gaisuwa. Amma ƙasar da yake riƙe da takardar haihuwarta, bai taɓa wuce Anyama a cikinta ba. Wannan gazawarmu ce mu iyaye, kuma ba gadonmu ba ce. Kakanninmu fatake da ƙafa suke tasowa daga Kano su yi watanni kafin su kai Salaga ta ƙasar Gwanja, da jakai da madugu da jagaba, su sayo goro. Sun san harshen kowane zango da al'adarsa, shi ya sa aka yarda da su har aka ba su wurin zama. Ɗan da bai san mutanen ƙasar da yake ciniki a cikinta ba, cinikinsa ba ya wuce bakin rumfa.

To, ga hanyar. Daga tashar Ajame za su bi babbar hanya zuwa Yamusukuro, su wuce Dalowa da Duwekuwe, tafiyar kusan kilomita 600. Man gari ne da duwatsu suka yi wa zobe, har ana kiran yankin ƙasar duwatsu 18. Za su fara da wanda ake ce wa Haƙorin Man, mai tsayin mita 881, sannan Tonkuyi, wanda ya haura mita 1,100, inda hazo ke rufe gonakin kofi da safe, sanyi ya sa ɗan Abijan neman bargo. Nimba, mai mita 1,752, wanda ya fi kowane dutse tsayi a ƙasar nan, sai dai su ji labarinsa a bana. Gandu ne mai tsananin kariya, yana cikin jerin wuraren tarihi na UNESCO, ba a faɗa masa kai tsaye.

Yanzu gare ku, 'ya'yana. Hutun makaranta ya faɗo a damina, kuma ruwan Man ba wasa ba ne. Jar ƙasar can idan ta jiƙa santsi take kamar sabulu. Wanda ya zo da silifa, ya koma gida ya sako takalmi mai kama ƙasa. Atisayen da kuka yi a dajin Banko ya gyara muku numfashi, amma Banko bai koya muku gangara ba, kuma a gangara gwiwa take rawa, a nan ake karyewa. Kada kowa ya wuce jagora, kada a bar na baya shi kaɗai. Ku ci, ku sha ruwan da aka tafasa, ku kwana cikin gidan sauro. Salla kuwa, malamai suna zaune, sun yi muku bayanin ƙasaru, babu mai uzuri.

Abin da ya fi damuna shi ne ladabi. Ƙasar ƙabilar Yakuba za ku, suna da abubuwan da suke girmamawa. A dajin Gibepile akwai birai da mutanen wurin ba sa taɓawa. Za su sauko su karɓi ayaba a hannunku, kada in ji an jefi ɗaya. Idan aka kai ku gadar kurangar daji a wajen Danane aka ce ku tuɓe takalmi kafin ku taka, ku tuɓe, ba tare da gardama ko dariya ba. Addininku yana nan a zuciyarku, girmama mai masauki ba ya rage shi. Ku tambaya kafin ku ɗauki hoton mutum. Ledar da kuka hau da ita, ku sauko da ita. Duk abin da kuka aikata a can, ba sunanku za a kira ba, Hausawan Abijan za a ce.

Muna godiya ga 'yan kasuwar da suka biya kuɗin mota, da iyaye mata da suka haɗa guzuri, musamman waɗanda suka yarda 'ya'yansu mata su shiga ayarin tare da masu kula da su.

Da izinin mai girma Sarki, na ƙaddamar da wannan zango da sunan Allah. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo mana da ku lafiya. Mota za ta tashi gobe bayan sallar asuba, ba za ta jira kowa ba. Malam, a yi mana addu'a.