DIGIRIN INJINIYAN NA'URORIN ASIBITI: SHIN YANA MAYAR DA KUƊINSA?

Bayan gabatarwa, mai jawabin, wanda injiniya ne da ya daɗe yana gyaran na'urorin asibiti, ya ja hankalin 'yan'uwa matasa da kowa ya yi lissafi kafin ya cike fom ɗin JAMB. Ya ce karatun shekara 5 ne, ga shekara 1 ta bautar ƙasa, ban da yajin aikin malaman jami'a irin na 2022 wanda ya ci wata 8. Duk tsawon lokacin nan mahaifinka ke ɗawainiya, alhali sa'anka da ya shiga kasuwa har ya yi aure.

Ya ci gaba da cewa buƙata kam akwai ta. Ga na'urorin wankin ƙoda, ga kwalaben renon bakwaini jibge a asibitoci, sun lalace, an rasa mai tayar da su. To amma fa guraben aikin gwamnati kaɗan ne. Manyan na'urori kuwa irin su MRI, galibi kamfanonin da suka ƙera su, kamar Siemens da GE, ko wakilansu, ke riƙe da kwangilar gyaransu. A can kuɗin yake, kuma takarda kaɗai ba ta shigar da mutum, sai wanda hannunsa ya faɗa.

Don haka ya ce wata 6 ɗin nan na koyon aiki a shekara ta huɗu, a yi su a sashen gyara na asibitin koyarwa. Wanda kuma gidansu ba za su iya jure masa zaman jira ba, gara ya karanta injiniyan lantarki, ya ƙware a na'urorin asibiti daga baya. In asibiti bai ɗauke shi ba, ga aikin sola, ga kamfanonin sadarwa.