KAFIN A TAFI WURIN MAI ZANA TAMBARI

Jawabi ga masu sana'a da ƙananan 'yan kasuwa game da tambarin kaya da shafin intanet



An shirya wannan jawabi ne domin masu sana'a da ƙananan 'yan kasuwa na ƙasar nan, maza da mata, waɗanda harkarsu ta bunƙasa har suka soma tunanin yi wa kayansu tambari, ko buɗe musu shafi a intanet. A Ikko da Abuja da Kano da Fatakwal da sauran biranenmu akwai samari da 'yan mata da yawa waɗanda wannan aiki shi ne abincinsu, kuma galibinsu sun san abin da suke yi. Duk da haka sau da yawa akan rabu dutse a hannun riga tsakanin mai zane da mai kaya. In an bi diddigi kuwa sai a tarar ba wanda ya yi nufin cutar wani. Mai kaya ne ya tafi bai shirya ba, ya biya kuɗi bai san abin da ya saya ba, sai daga baya ya gane cewa sunan da yake taƙama da shi, da zanen da ke jikin buhunsa, da adireshin shafinsa, babu ko ɗaya da doka ta san shi da shi.

Tambari dai ba baƙon abu ba ne a kasuwanninmu. Mai albasa da ke aika kaya daga Sakkwato zuwa Kudu yakan shafa wa buhunansa wata alama da fenti domin dillalinsa ya shaida su a cikin ɗaruruwa. Masu saye kuma tun da daɗewa suke kiran kaya da hoton da ke jikinsa, su ce mai zaki, ko mai giwa, ko mai tauraro, ko da ba su iya karanta sunan kamfanin ba. A nan akwai ma'auni mai kyau wanda mai kaya zai riƙe a ransa: in uwa ta aiki yaro kanti, shin zai iya faɗin abin da aka aike shi da kalma biyu, mai kanti ya gane? Tambarin da ba shi da sunan da baki zai kama, komai kyansa, bai gama aikinsa ba.

Mai zane ya san launi da tsari, amma bai san sana'ar wani ba sai abin da aka gaya masa. Saboda haka shiri na farko a gida ake yinsa, da takarda da alƙalami. Mai kaya ya zauna ya rubuta abin da yake sayarwa, da irin mutanen da suke saye, da inda suke samunsa, da abin da ya bambanta nasa da na maƙwabcinsa. Mai kilishin da masu cinikinsa 'yan unguwa ne a Agege, da wanda yake son nasa ya shiga manyan kantuna matafiya su yi tsaraba da shi, nama ɗaya suke yanka, amma ba kunshi ɗaya ya dace da su ba. Ya kuma rubuta wuraren da tambarin zai hau: leda ce, ko kwalba, ko buhu, ko allon bakin shago, ko jikin mota. In ya iya, ya tara kunshin kayan abokan hamayyarsa uku ko huɗu ya tafi da su, domin a ga abin da za a kauce masa. Wanda ya je ya ce wa mai zane kawai a yi masa abu mai kyau, ya yi cinikin biri a sama, kuma ba shi da bakin ƙorafi in an kawo masa abin da bai so ba.

Sai maganar suna, wadda ita ce ta fi jawo asara. Kada a zana komai sai an tabbata sunan ba na wani ba ne. Hukumar Rajistar Kamfanoni, watau CAC, ita ce ke rajistar sunayen kasuwanci bisa dokar kamfanoni ta 2020, kuma ana iya bincika sunayen da aka riga aka ɗauka a shafinta. In sunan da ake so ba kowa a kansa, akan keɓe wa mai nema shi har kwana 60 domin ya kammala rajista. Mutane da yawa sukan tsaya a nan, suna zaton takardar CAC ta ba su ikon hana kowa amfani da sunan a jikin kaya. Ba haka ba ne. Rajistar tambarin kaya aikin wani ofis ne dabam, wanda ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya a Abuja. A can akan bincika ko akwai tambari mai kama da shi, a karɓi takardar nema, a buga shi a mujallar ofishin, a jira wata 2 ko wani zai fito ya ce bai yarda ba, sa'an nan a ba da takardar shaida. Rajistar farko tana aiki shekara 7, daga nan ana sabunta ta kowace shekara 14. An kasa kaya da ayyuka aji 45, kuma kariyar tana bin ajin da aka nema ne: nama da kilishi suna aji na 29, yaji da kayan ƙamshin miya na 30, sabulu da man shafawa na 3, kayan fata na 18, tufafi na 25. Macen da ke yin yaji kuma tana yin sabulu, sai ta san aji biyu ke gabanta.

Akwai kuma abubuwan da ba a sawa a tambarin kasuwanci. Tambarin Gwamnatin Tarayya mai dawakai biyu da gaggafa, doka ta hana kowa ɗaukarsa ya liƙa a kayansa ba da izini ba. Haka nan jar alamar ƙungiyar agaji ta Red Cross, wadda wasu masu kantin magani kan ɗauka bisa rashin sani. Dagin Arewa kuwa ba laifi ba ne, amma na kowa ne. Yana jikin riguna da ƙofofi da jakunkuna ko'ina, don haka shi kaɗai ba zai bambanta kayan mutum ɗaya da na sauran ba.

Wani abin da ya kamata mai kaya ya horar da ransa a kai shi ne yarda da sauƙi. Akwai masu son a cusa raƙumi da dabino da wata da taswirar Nijeriya da sunan kakansu duk a cikin da'ira ɗaya. Tutar ƙasar nan ta isa misali. Zanen da Michael Taiwo Akinkunmi ya aika wa gasar 1959, yana ɗalibi a Ingila, yana da jar rana a tsakiyar farin. Alƙalan gasar suka cire ranar, suka bar kore da fari da kore, abin da ɗan firamare ke iya zanawa da ka. Hanyar gwada tambari ba ta da wuya. A buga shi da baƙin tawada kaɗai, kamar yadda zai fito a hatimi ko a rasit, a kuma rage shi ya koma kamar girman farce, kamar yadda zai fito a fuskar waya. In har yanzu ana gane shi, to, ya yi.

Masu sunan Hausa suna da wata matsala tasu ta musamman, watau haruffa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ. Yawancin salon haruffan da ke cikin kwamfuta ba a yi su da Hausa a zuciya ba, saboda haka in an rubuta ƙ sai wani ɗan akwati ya fito a gurbinta, ko kuwa mai zane ya share ƙugiyar ya huta. Ta haka masaukin baƙi kan koma masaukin baki a kan allo mai tsada. Lalle ne a faɗa wa mai zane tun ranar farko cewa sai ya zaɓi haruffan da ke da ƙugiya, musamman in shi ba mai jin Hausa ba ne, kuma mai kaya ya karanta kowace kalma da idonsa kafin a kai maɗaba'a. Wanda yake son a haɗa da ajami, ya nemi malamin da ya iya ya rubuta masa daidai, kada a bar wa na'ura.

Yanzu sai babbar magana, wadda ta shafi mallaka. Mutum yakan ɗauka cewa tun da ya biya, zanen ya zama nasa, kamar yadda riga ke zama tasa in ya biya tela. Dokar haƙƙin mallakar fasaha ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ba haka ta tsara ba. A wurinta haƙƙin zane yana farawa ne a hannun wanda ya zana, sai fa in an yi yarjejeniya a kan wani abu dabam, kuma miƙa wannan haƙƙi ga wani ba ya tabbata sai a rubuce. Ma'anar wannan ita ce, alkawarin baki da shaidar tura kuɗi ta banki ba su wadatar ba. Wajibi ne a sami takarda, ko da shafi ɗaya ce, wadda ta faɗa ƙarara cewa da zarar an kammala biya, duk haƙƙin tambarin ya koma ga mai kaya, kowa ya sa hannu, da shaidu. A cikinta kuma mai zane ya tabbatar cewa aikin nasa ne. Dalili kuwa, akwai wuraren da ake sayar da zane shiryayye a intanet ga duk mai so, kuma tambarin da aka ɗebo daga irin wannan wuri yana iya bayyana gobe a jikin kayan wani, ba yadda za a yi da shi.

A ranar karɓar aiki ma akwai abin lura. Hoton da aka turo ta WhatsApp ba shi ne tambarin ba, inuwarsa ce. In an faɗaɗa shi domin allo sai ya dushe ya farfashe. Abin da za a nema shi ne zanen asali, irin wanda ake ajiyewa a matsayin SVG ko PDF, wanda ke miƙewa daga girman kati zuwa girman bango bai lalace ba. A karɓi lambobin launukan a rubuce, da sunan haruffan da aka yi amfani da su. Fuskar waya da haske take haɗa launi, injin ɗab'i kuwa da tawada huɗu, shi ya sa shuɗin da aka yaba a waya kan fito wani iri a takarda. Gara a buga guda ɗaya a gani kafin a ba da odar leda dubu goma.

Game da shafin intanet, tambayar farko ita ce ko ana bukatarsa. Ba kowace sana'a ce ke bukata ba. Mai ɗinkin da duk masu cinikinta ke samunta ta WhatsApp ko Instagram tana iya shekaru ba ta rasa komai ba. Shafi yana da amfani ga wanda ke neman masu saye daga nesa, ko mai hulɗa da kamfanoni da hukumomi waɗanda za su so su bincika shi kafin su amince. Shafin da aka buɗe aka watsar, farashin bara yana kai, lambar wayar da ke ciki ba ta shiga, ɓata suna yake yi. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

In an yanke shawarar buɗewa, to, a san cewa adireshin shafi haya ne, ba saye ba. Adireshin da ke ƙarewa da .ng yana ƙarƙashin kulawar ƙungiyar NiRA, wadda aka kafa a 2005, ana kuwa samunsa ta hannun kamfanonin da ta amince da su, a riƙa sabuntawa shekara shekara. Ma'ajiyar da shafin ke zaune a cikinta ita ma haya ce mai kuɗinta dabam. Abin da ya fi faruwa shi ne mai gina shafi ya yi rajistar duka biyu da sunansa da imel ɗinsa, don sauƙin aiki kawai. Shekara na zagayowa sai takardar tuni ta tafi wurinsa, shi kuwa ya sauya gari ko ya sauya sana'a, shafin ya mutu, adireshin da aka buga a kan kowane kwali ya faɗa hannun duk wanda ya riga biya. Maganin wannan kuwa kyauta ne: mai kaya ya buɗe imel nasa na kansa kafin a fara aiki, a yi rajistar da sunansa ko sunan kasuwancinsa, kalmomin sirri su zauna a wurinsa, ya rubuta ranar sabuntawa inda ba zai manta ba. Haka ma shafukan Facebook da sauransu, da layin wayarsa za a buɗe su, ba da na yaron shago ba. A tuna kuma adireshi ba ya ɗaukar ƙugiya a yadda aka saba rubuta shi, don haka a duba yadda sunan zai karantu in an cire ta.

Abin da zai shiga cikin shafin, mai kaya ne zai tanada: hotunan kayansa na gaskiya, da bayaninsu, da yadda ake biya, da yadda ake aikawa. Rashin waɗannan shi ke sa aikin mako uku ya kai wata shida, a kuma ɗora wa mai gini laifi. Hoton da aka tsinta a intanet yana da mai shi, hoton mutum kuma sai da yardarsa. Tun da yake yawancin masu ziyara da waya za su shigo, suna lissafin kuɗin data, a gwada shafin a ƙaramar waya a inda sabis ba shi da ƙarfi kafin a ce an karɓa. Wanda zai riƙa karɓar sunayen mutane da lambobinsu da adireshinsu, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora masa nauyin tsare su da faɗin abin da zai yi da su. Masu abinci da magani da kayan shafawa kuwa su gaya wa mai zane ya bar fili a jikin kunshi domin lambar NAFDAC, da abubuwan da aka haɗa, da ranar yi, da ranar lalacewa.

Shi ma mai zane yana da haƙƙinsa, kuma takardar nan ita ce za ta tsare shi. A rubuta jimlar kuɗi, da abin da za a bayar kafin alƙalami, da abin da ya rage sai an miƙa aiki. A rubuta sau nawa za a yi gyara ba tare da ƙarin kuɗi ba, domin wanda ke komawa kullum da sabon ra'ayin da matarsa ko amininsa ya ba shi yana cin lokacin wani ne. In kasuwancin na mutum biyu ne ko uku, su zaɓi ɗaya wanda maganarsa ce za a bi. A rubuta kuma wanda zai riƙa kula da shafin bayan an gama, da ladansa a wata ko a shekara.

Mai neman ƙarin bayani game da rajistar suna yana iya zuwa ofishin CAC na jiharsa. Hukumar bunƙasa ƙananan sana'o'i, watau SMEDAN, ita ma tana ba da shawara ga masu sana'a, maganar rajistar tambari kuwa lauya ko wakilin da ofishin rajistar ya amince da shi zai iya shigar da ita a madadin mai kaya.