"Da Sauƙi" Ba Amsa Ba Ce

(Jawabin da wata tsohuwar ɗaliba, ma'aikaciyar jinya mai ritaya, ta gabatar a taron shekara na ƙungiya)



Kwamiti ya ce in yi magana a kan aikin jinya, ya kuma ba ni minti goma. 'Yan ajinmu sun san minti goma ko gaisuwa ba ya isa ta, amma zan kwatanta.

Idan kika je dubiya kika ce wa mara lafiya, "Yaya jiki?", me zai ce? "Da sauƙi." Ko da ƙyar yake ɗaga kai, haka zai ce. Tarbiyyarmu ce, ba kuma kushe ta nake yi ba. Sai dai nas ɗin da ta karɓi wannan amsa ta rufe kati, ba ta fara aiki ba tukuna. Ni da kaina na taɓa yin haka.

A shekarata ta farko a ɗakin awon ciki, aka kawo wata yarinya mai cikin fari, wata takwas, uwar mijinta ta rako ta. Kun dai san kunyar cikin fari. Duk abin da na tambaya, tsohuwar ce ke amsawa: "Lafiyarta lau, kasala ce irin ta masu ciki." Yarinya ta sunkuyar da kai ta ce da sauƙi. Layi har bakin ƙofa, abin awon jini kuma yana ɗaki na gaba, sai na yi ƙyuyar ɗaukowa. Ina shirin sallamar su ke nan, babbar sistarmu ta zo wucewa, ta tsaya. Hannun yarinyar ta kalla: zobe ya nutse cikin yatsa. Ta ce da tsohuwar, "Mama, don Allah a samo mata ruwan sha." Da fitarta ta ja labule, ta zauna, ta ce, "Ƙanwata, kanki na ciwo?" Kwana uku ke nan. Gani fa? Dishi-dishi. Ga kuma ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Da aka auna jini, 170 bisa 110.

Ga waɗanda ba su san aikin ba, mai ciki da ta haura mako 20 idan jininta ya kai 140 bisa 90 an shiga damuwa, idan ya kai 160 bisa 110 kuwa jijjiga na iya kama ta kowane lokaci, a rasa uwa ko ɗa ko duka biyun. A yau allurar magnesiyam salfet ake ba irinta don tare jijjigar. Nan take aka kwantar da ita, aka kira likita, kuma Allah ya sa ta sauka lafiya. Sista ba ta yi mini faɗa a gaban mutane ba. Ofis ta kira ni, ta ce, "Wa kika yi wa awo yau, yarinyar ko uwar mijinta?"

Abubuwan da muke aunawa ba su da wuyar haddacewa. Zafin jiki wajen 37 a ma'aunin Salshiyas. Bugun zuciyar babba 60 zuwa 100 a minti, numfashinsa 12 zuwa 20. Yaro mai tari ɗan wata 2 zuwa 11 idan numfashinsa ya kai 50 a minti, ko 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5, sai a yi zargin ciwon huhu. Numfashi ne aka fi yi wa ha'inci, a rubuta 20 ba a ƙirga ba. Dabarar ita ce ki ci gaba da riƙe wuyan hannun mara lafiya kamar bugun kike ji, alhali ƙirjinsa kike kallo, don da zarar ya gane, numfashin zai canza.

Wuyar aikin tana wajen tambaya. A bakin mutanenmu kusan kowace cuta zazzaɓi ce, ciwon ciki kuma ya kama tun daga ƙirji har mara. Saboda haka ki ce, "Nuna mini wurin da yatsa," ko "Faɗa mini yadda abin ya fara," sannan ki yi shiru. Ki tambayi abin da aka sha a gida, jiƙo ne ko sassaƙe ko maganin kemis, ba tare da kin ɓata fuska ba. In kika yi tsawa sau ɗaya, an daina faɗa miki gaskiya ke nan. Kuma kada ki yaye wa mutum zane sai kin nemi izninsa, kin gaya masa abin da za ki yi. Na san sunan da muka yi a ɗakin haihuwa, na faɗa da zagi. Aiki ya yi mana yawa, gaskiya ne, amma mai naƙuda ba ita ta rage ma'aikata ba.

Sai batun sirri, kuma nan da ku nake, 'yan'uwana. Sau nawa wata ta ja ni gefe a gidan biki ta ce, "Na ga wance a asibitinku, me ke damunta?" Wasunku suna nan zaune, ba zan kama suna ba. Kun ce ina da girman kai. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana bayyana bayanin mara lafiya sai da yardarsa a rubuce, ko umarnin kotu, ko 'yan wasu dalilai da ta zayyana. Tun kafin dokar ma mun san maganar da ta fita daga bakin nas tana iya kashe aure ko ta fasa baiko.

'Ya'yana da kuke sha'awar wannan aiki, ku riƙe Turanci da Lissafi da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji, don kiredit a cikinsu ake nema. Bayan an tashi ina nan gindin darbejiyar bakin ɗakin taro, mai tambaya ta same ni a can. Uwar taro, na ga ana nuna mini agogo.