Wuri da Motsi: Muƙabalar Newton da Leibniz
Lacca da aka gabatar a Yelwan Yauri



Duk wanda ya taɓa shiga jirgi daga Yelwa zuwa Warra ta ƙasar Ngaski a ranar da ruwa ya kwanta, ya sani akan kai wani lokaci da idan ya dubi gaɓa sai ya ga itatuwa ne ke tafiya, shi kuwa yana zaune daram; to, wannan abu da matuƙa ba su ɗauke shi bakin komai ba, shi ne ya hana masana falsafar Turai barci shekaru masu yawa. Tun a 1632 Galileo ya ce wanda aka rufe a cikin jirgi mai tafiya bai ɗaya ba shi da hanyar sanin ko tafiya yake ko tsaye.

A 1687 Newton ya yi da'awar cewa sarari abu ne mai tsayuwa da zatinsa, wanda zai wanzu ko da an kwashe dukan halitta. Hujjarsa guga ce: a rataye ta da ruwa a murɗaɗɗiyar igiya, a sake ta, idan ruwan ya kama juyawa sai ya hau gefe, tsakiyarsa ta lotsa, alhali shi da gugar tare suke juyawa. To, dangane da me yake motsi, in ba sararin kansa ba?

Leibniz, Bajamushe, cikin wasiƙun da suka yi musaya da Samuel Clarke, mai kare ra'ayin Newton, a 1715 da 1716, ya ƙi yarda, yana mai cewa sarari ba komai ba ne face tsarin dangantakar abubuwa. Domin da yana da zati, da an tambayi dalilin da ya sa Allah Maɗaukaki ya aje duniya a nan bai gusar da ita can ba, alhali wuraren biyu ba su da bambanci. Clarke ya ce iradar Ubangiji ta wadatar. Malamanmu na zaure sun san wannan amsa, gama Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya riga ya bayar da ita cikin Tahafutul Falasifa, inda ya buga misali da mutumin da aka aje wa dabino biyu iri ɗaya: lalle zai ɗauki guda, domin aikin irada ke nan, ta keɓance abu daga kwatankwacinsa.

Mu mutanen bakin ruwa muna da hakki cikin wannan mas'ala. Da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya ci tsohuwar Bussa da tsibiran Gungawa masu yawa, aka tashi dubban mutane. Dattijon da zai tsai da kwalekwale a tsakiyar tafki ya ce nan ne garinsu, da me ya gane? Da tudun can da dutsen can ya auna, kuma wannan ya sa nake ganin Leibniz ya fi kusa da gaskiya game da wuri.

Sai dai gugar nan ta tsaya masa a wuya, har ya rasu a Nuwamban 1716 bai warware ta ba. Berkeley a 1721, daga baya kuma Mach a 1883, su ne suka ce a auna juyawar ruwan da taurari masu nisa, ra'ayin da Einstein ya yi nazarinsa kafin ya fito da nasa bayani a 1915.