Da Zaman Banza Gara Aikin Kishiya

 

A wannan mako wata 'yar uwa ce ta aiko mana da wasiƙa, ta kuma roƙi a sakaya sunanta. Ta ce tun da kasuwar maigidanta ta karye ta daina ƙosan da take soyawa, domin jarin ya shige tukunya. Yanzu da zarar ta gama shara da wanke-wanke, yara sun tafi makaranta, sai ta zauna ta zuba tagumi har azahar. Ba ta zuwa biki don babu gudummawa, ba ta kiran kowa don babu kati a waya. Abu kaɗan sai faɗa da yara, dare ya yi kuma barci ya gagara. Tambayarta ita ce, mace a cikin kulle, ba ko sisi, me za ta yi da kanta?

To 'yar uwa, da farko ki sani ba ke kaɗai ba ce. Tun ranar 29 ga watan Mayu na 2023 da aka sanar da cire tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki, kayan masarufi kuma suka bi ta. Gidaje da yawa sun ji a jikinsu. Amma ki lura, abubuwa biyu ne suka haɗu a wasiƙarki: rashin kuɗi da rashin abin yi. Na farkon ba a hannunki yake ba. Na biyun kuwa kina da iko da shi, kuma shi ne yake cin zuciya. Masu iya magana suka ce da zaman banza gara aikin kishiya.

Mu fara da tsakar gidanki. Ki nemi tsohon buhun shinkafa ko fasasshen bokiti, ki huda gindinsa don ruwa ya riƙa fita, ki cika shi da ƙasa wadda kika gauraya da busasshen kashin awaki ko na kaji. Ki roƙi irin alayyahu wajen maƙwabta. Irin ƙanana ne ƙwarai, don haka sai ki cakuɗa shi da yashi kafin ki barbaɗa, kada ya fito a cunkushe. Cikin mako 4 zuwa 5 kin fara tsinka kina miya. Rama da yakuwa ma haka, ba su da wahala. Zogale kuwa ko iri ba sai kin nema ba: reshe mai kauri kamar kamu biyu za ki samu, ki kafa a jikin katanga, ki riƙa ba shi ruwa. In ya yi tsawo ki datse kansa, sai ya yi rassa, ganye ya yawaita, hannunki kuma ya riƙa kaiwa.

Za ki ce ina ruwa, alhali na sha ma saye ake yi? Ruwan da kika wanke shinkafa ko kayan miya da shi, shi za ki tara, ban da mai sabulu. Kaji da awaki kuma ki kare su da tsohon gidan sauro. Wallahi 'yar uwa, mace ta tashi da safe ta ga abin da ta shuka da hannunta ya tsiro, wani sanyi ne a rai wanda kuɗi ba sa sayensa. Ranar da babu cefane kuma, ga kwaɗon zogale da ɗan ƙuli-ƙuli.

Na biyu, karatu. Gemu ba ya hana ilimi, haka ma goyo. In ba ki samu zuwa makaranta ba, ko kin yi kin manta, to malaminki yana kwana a ɗakinki. Ɗanki ko 'yarki ta firamare ta dawo, ki ce ta nuna miki abin da aka koya musu. Ba sai da littafi da biro ba, gawayi da daɓe sun isa. Harafi 3 a rana kawai, kafin kwana 10 kin zagaye baƙaƙe da wasulan Hausa. Ki fara da rubuta sunanki, sannan lambobi, har ki iya karanta saƙo a waya da takardar magani ba tare da kin kira yaron maƙwabta ya ji sirrinki ba. Kada ki ji kunya, yaron ma karatunsa ne yake ƙara zama.

Wannan fa ba sabon abu ba ne a wurinmu. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru. Takan koyar da dattijan mata da ake kira jaji, ta ba su malfa a matsayin alama, su kuma su koma garuruwansu su koyar da matan da ba sa iya fita. Ba aji, ba kuɗin makaranta, mace ce take koya wa mace. In kuwa ke mai karatu ce, to ke ce jajin gidanku. Ki tara matan gida da yamma ki koya musu, ko ki karanta musu littafin da kika aro.

Na uku, musayar sana'a. Ke kin iya kitso, maƙwabciyarki ta iya ɗinkin hula, kishiyarki ko facalarki ta iya saƙa. Me zai hana ku ware rana ɗaya a mako, da izinin mazajenku, kowace ta koya wa sauran? Kayan koyo ma suna nan cikin gida. Tsohuwar suwaita a warware ta a samu zare, ƙyallayen atamfa a harhaɗa su zama shimfiɗar jariri. Yau koyo ne, gobe in jari ya samu hannunki ya riga ya faɗa.

Na huɗu, hirar dare. Yaushe rabon da ki yi wa yaranki tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi? In an ɗauke wuta ki shimfiɗa tabarma, a yi tatsuniya, a yi kacici-kacici da karin magana. In akwai tsohuwa a gidan ku sa ta a tsakiya, ta ba su labarin kakanninsu da garin da aka fito. Yaro yakan manta ranar da aka ci tuwo ba nama, amma ba ya manta dariyar da ya yi da uwarsa.

Sai zumunci. 'Yar uwa, kada rashin abin hannu ya sa ki yanke shi. Ki je barka ko dubiya ki kama musu aiki, ki wanke kwanuka, ki riƙe jariri mai jego ta runtsa. Wanda ya san darajarki ƙafarki yake dubawa.

Shawarata ita ce kada ki ɗauke su duka a lokaci guda. Ki zaɓi ɗaya, ki sa masa lokaci, misali bayan yara sun tafi, ki riƙe shi mako 2 ba fashi. Amma idan rashin barci da yawan kuka da rashin cin abinci suka wuce mako 2, ki gaya wa maigida ya kai ki asibiti, a duba har da hawan jini. Damuwa ciwo ce, tana da magani, ba abin kunya ba ce.

Ke da kika rubuto, muna jiran wasiƙarki ta biyu ki gaya mana abin da ya tsiro a buhunki. Sauran 'yan uwa ma ku aiko mana da dabarunku don wasu su amfana. A nan za mu dakata, sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A gaida maigida da yara, ku huta lafiya.