Jawabi a Taron Ƙungiya: Zinariya da Hukuma

Iyayenmu dattawa, ina gaishe ku. Ƴan'uwa ƴan ci-rani, barkanku da zuwa. Ku gafarce ni, yaro zai yi magana gaban manya.

Batun ginar zinariya ya kawo ni. Ina koyarwa a lakwal, kuma bana kujera uku sun zama wofi a ajina. Na bi sawu, aka ce yaran sun bi yayyensu wurin gina.

Mu tuna yadda abin ya faro. Cikin yunwar 1984 mutane suka fara gina a Komabangu, can jihar Tillaberi. Hukuma ta kau da kai, don talaka na neman abin kai wa baki. A 2014 zinariya ta bayyana a Jado da Cibarakaten, arewacin Agadas. Samari suka cika motoci, wasu sun sayar da sa, wasu sun jinginar da gona don kuɗin hanya. A 2017 gwamnati ta rufe Jado, aka kori kowa. Wanda ya jinginar da gona ya dawo ba gona, ba zinariya.

A nan kusa, zinariya ta fito a Ɗan Isa cikin 2021. Ran 7 ga Nuwamba rami ya rufta a Garin Liman, mutum 18 aka fara ƙirgawa sun rasu. Hukuma ta rufe wurin. Allah ya jiƙansu.

Maƙwabtanmu na Zamfara ma sun ɗanɗana. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400, saboda ana daka dutsen cikin gida, yara suna shaƙar ƙura. A 2019 gwamnatin Nijeriya ta hana haƙa a jihar, a 2024 ta ɗage hanin.

Kun gani, yau a bari, gobe a hana, kuma ba a shawara da mai gina. Ban ce kada kowa ya tafi ba, talauci ba wasa ba ne. Roƙona uku ne. Kada a sayar da gona ko a jinginar da ita don zinariya. Kada a fidda yaro daga lakwal. Kada a kawo dutse gida a daka shi kusa da yara ko rijiya.

Iyayenmu, maganarku ake ji. Ku taimake mu, yaran nan uku su dawo aji.

Allah ya ba mu damina mai albarka.